Yadda ake fara tara faifan garmaho, da faifan da ya kamata ka fara nema

Wani ƙanena ne ya shigo ɗakina ranar wata Asabar ya tarar ina jin faifai, ya tsaya yana kallon allura tana bin layi kamar wanda bai taɓa ganin abu yana juyawa ba, can sai ya ce Yaya ni ma fa ina so in fara, wane zan saya? Na ce masa zauna tukuna, ai ba daga faifai ake farawa ba. Abin da na faɗa masa ranar shi ne zan maimaita a nan, don na yi shekaru ina wannan harka kuma na yi asarar kuɗi a kan kurakuran da da wani ya ja kunnena da ban yi su ba.

Kayan da za ka tanada

Injin juya faifai. Iri biyu ne, akwai mai bel wanda roba ke jan farantin, akwai wanda motar ke juya farantin kai tsaye irin Technics SL-1200 da masu kiɗan disko suka riƙe tun shekarun 1970. Duk biyun suna aiki. Idan sabo za ka saya kuma kuɗin ba yawa, Audio-Technica AT-LP60X ya ishe ka farawa. Wanda nake roƙonka ka guje masa shi ne ɗan injin nan mai kama da jakar hannu mai lasifika a jikinsa, kyan ɗan maciji ne, allurarsa nauyi gare ta, tana cin faifai a hankali ba ka sani ba.

Amfilifaya da lasifika biyu. Ka duba bayan amfilifayar ko akwai ramin da aka rubuta PHONO. Sautin da allura ke fitarwa ƙanƙane ne sosai, sai an ɗaga shi an daidaita shi kafin ya zama kiɗa, wannan ramin shi ke yin aikin. In babu shi, ko dai injin naka ya zo da nasa a ciki (za ka ga maɓalli a baya mai PHONO da LINE), ko ka sayi ɗan ƙaramin akwatin da ke yin aikin ka saka tsakani. Tsofaffin amfilifaya na Pioneer da Sansui da Kenwood da ake samu wajen masu kayan Baljiyam kusan duk suna da shi.

Sai ƙananan abubuwa: buroshin share faifai mai laushi, ƙyalle mai laushi wanda ba ya barin zare, tataccen ruwa, sitabilaiza, tocilan wayarka, da akwatin katako ko kiret da faifai zai tsaya a ciki a tsaye.

Mataki na 1: ka san irin faifan da ke hannunka

Uku ne. Babba mai inci 12 da ke juyawa sau 33 da ɗoriya a minti, shi ne albam, kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, kowane gefe yana ɗaukar wajen minti 20. Ƙarami mai inci 7 da ke juyawa sau 45, yawanci waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, RCA ne suka kawo shi a 1949. Sai tsohon ainihi mai 78, na garmahon da ake wana wa da hannu, mai nauyi ne kuma in ya faɗi fashewa yake kamar tangaran. Wannan na ukun allurarsa daban ce, in ka tsinci irinsa a gidan kakanni ka ajiye shi gefe kawai, kar ka ɗora masa allurarka. Da mai 33 za mu yi aiki.

Mataki na 2: wutar gidanka

Nan ne na fara shan kashi. Wani abokina ya taho min da inji daga Amurka, na sayi taransifoma mai sauke wuta daga 230 zuwa 120 na ce shi ke nan, na ɗora faifai sai na ji mawaƙin yana jan murya kamar wanda aka tasa daga barci. Ashe ba ƙarfin wutar ne kaɗai ya bambanta ba, wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa tamu kuma sau 50, kuma motar wasu injinan da wannan bugun take auna gudunta, sai faifan ya dawo yana juyawa wajen sau 28 maimakon 33. Taransifoma ba ta gyara wannan. Don haka in za ka sayi na hannu ka karanta bayansa, ka nemi wanda aka rubuta 220 zuwa 240 da 50Hz, wato na Ingila ko Turai, ko kuma wanda aka rubuta Quartz a jikinsa, shi bai damu da bugun wuta ba. Haka in da janareta kake, irin wancan injin zai riƙa sauri yana lafawa duk lokacin da jen ya yi tari. Inbata mai kyau ta fi.

Mataki na 3: saita injin

Ka ɗora shi a kan abu mai nauyi wanda ba ya rawa kuma ya kwanta daidai, ba kan lasifika ba, ba kuma teburi ɗaya da lasifika ba in da hali, in ba haka ba ƙarar za ta koma cikin allura ka ji yana gurnani. Akwai wata siririyar waya da ke fitowa daga injin tare da wayoyin sauti, ja da fara, ka ɗaura ta a kusoshin da aka rubuta GND a bayan amfilifaya, ita ke kashe wannan "huuum" ɗin.

Sai nauyin allura. A bayan hannun da ke riƙe da allurar akwai wani dunƙulen ƙarfe mai lambobi, ka murza shi har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, ka mai da zoben lambobin kan 0 ba tare da ka motsa ƙarfen ba, sannan ka murza duka zuwa nauyin da masu allurar suka ce. Yawancin na zamani wajen giram 2 ne. AT-LP60X an riga an saita shi daga kamfani, ba ruwanka. Kuma don Allah in faifai yana tsalle kar ka ɗora kwabo a kan allura kamar yadda iyayenmu suka riƙa yi, wannan dabarar ita ta kashe rabin faifan ƙasar nan. In injin na hannu ne ka canja allura tun ranar farko, ba ka san awa nawa ta yi ba, kuma in za ka yi oda ka yi biyu.

Mataki na 4: faifan da za ka fara nema

Ƙa'idata ɗaya ce, faifai goma na farko su zama waɗanda za ka iya zama ka ji gefe guda daga farko har ƙarshe ba ka ji kana son tsallakewa ba, kuma waɗanda aka buga da yawa, don abin da aka buga miliyoyi yana da arha kuma za ka samu mai lafiya. Farautar abin da ba a samu ka bar ta sai ka yi ƙwari.

Exodus na Bob Marley, 1977. Shi nake fara ba kowa. A Landan aka ɗauke shi bayan an harbi Marley a gidansa na Kingston a watan Disambar 1976, kuma shi zai koya maka dalilin da ya sa gefe biyu ke da ma'ana: gefen farko duk maganar imani ce da gwagwarmaya, ka juya sai ka faɗa soyayya da nishaɗi kamar an buɗe taga. A waya ba ka jin wannan rabuwar, a faifai dole ka tashi ka juya da hannunka.

What's Going On na Marvin Gaye, 1971. Waƙoƙin gefen farko a haɗe suke, ɗaya na shiga cikin ɗaya ba tsayawa, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya tarar da gida a hargitse, ƙanen Marvin ɗin ma ya je yaƙin. In ka samu tsohon bugu ka duba shi da kyau, akwai wurare masu sanyi da yawa kuma a nan ƙaiƙayin faifai, wato ƙas ƙas ɗin da ake ji in ya tsufa, ke fitowa fili.

Thriller na Michael Jackson, 1982, wanda Quincy Jones ya tsara. Ba albam ɗin da aka sayar kamarsa a duniya, ma'ana kar wani ya tsuga maka kuɗi a kansa wai abu ne mai wuya. Da shi nake gwada lasifika, in gangar farkon gefe na biyu ba ta buga maka a ƙirji ba akwai abin da ba daidai ba a haɗinka. In ka ci karo da Soul Makossa na Manu Dibango ɗan Kamaru na 1972 ka haɗa da shi, za ka ji inda Michael ya ɗauko amshin nan na ƙarshen waƙar farko ta Thriller, maganar har ta kai ga shari'a aka sasanta.

Zombie na Fela Kuti da ƙungiyarsa ta Africa 70. Waƙar da ta ba albam ɗin suna ta haura minti 12, Tony Allen ne a kan ganga, kuma bayan fitowarsa ne sojoji suka kai hari gidan Fela na Kalakuta a watan Fabrairun 1977 suka ƙone shi. Ga shawarata a nan kuma na san wasu ba za su yarda ba: ka sayi sabon bugu. Kamfanin Knitting Factory ya sake buga faifan Fela da yawa, sauti tas. Tsofaffin bugun Legas kuwa Turawa da 'yan Japan sun riga sun kwashe masu kyan, farashinsu ya yi sama, waɗanda suka rage a gida yawanci sun sha biki da mashaya har layin ya yi fari. Haka maganar take ga William Onyeabor na Inugu, tun da kamfanin Luaka Bop suka tattara waƙoƙinsa a 2013 ainihin bugunsa ya fi ƙarfin mai farawa.

Juju Music na King Sunny Adé, 1982. A Lome aka ɗauke shi don kamfanin Island, kuma da yake don kasuwar waje aka yi an buga shi da yawa a Ingila da Amurka, ana samun mai tsabta ba tsada. Kunnen da ya saba da kalangu zai ji daɗinsa nan take. Sweet Mother na Prince Nico Mbarga, 1976, wanda kamfanin Rogers All Stars na Onitsha suka fitar, shi kuma ba sai na yi dogon bayani ba, samunsa ba wuya, samun mai lafiya ne aikin.

Kind of Blue na Miles Davis, 1959. Ko ba ka jin jaz ka ajiye wannan ɗaya, na dare ne in gari ya yi tsit. John Coltrane da Bill Evans suna ciki. Ba a taɓa daina buga shi ba, sabo ya ishe ka.

Daga gabas, Enta Omri na Ummu Kulsum, 1964, wanda Muhammad Abdulwahab ya yi wa kiɗa. Waƙa ɗaya ce ta cinye gefe biyu. Na Indiya kuma, wanda ya tashi yana zuwa silima a Kano ko Kaduna ba ya buƙatar a gabatar masa da Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, duk faifan waƙoƙin fim mai tambarin HMV ko EMI da ka gani da lafiyarsa ka ɗauka. Sholay na 1975 ma har maganganun 'yan wasan aka buga a faifai daban, ba waƙoƙin kaɗai ba. Sai su Don Williams da Jim Reeves, waɗanda kusan duk gidan tsohon ma'aikaci akwai su, ba wanda ke rububinsu a kasuwar duniya shi ya sa suke da arha, kuma da su ya kamata ka koyi wanki da saita allura kafin ka taɓa mai tsada.

To namu fa? Faifan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da sauran makaɗanmu an buga su, amma kaset ya zo ya ture su da wuri kuma ba a adana ba, don haka ba abin da za ka shiga shago ka ce a ba ka ba ne. In ka ci karo da ɗaya, ko da ƙaiƙayi, ko ba kwali, ka karɓa, wannan ne kaɗai wurin da nake karya ƙa'idata ta sai mai lafiya. Wanda za ka iya yin oda sabo kuwa, kamfanin Sahel Sounds ya buga La Musique Électronique du Niger na Mamman Sani, kiɗan ogan da ya ɗauka a Yamai a 1978 aka sake fitar da shi a faifai a 2013, sannan a shekarar dai sun fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Jin waƙar fim ɗin Kano tana fitowa daga allura wani abu ne daban wallahi.

Mataki na 5: inda ake samu

Ka fara da gida. Ka tambayi baffanni da kawunnai, musamman waɗanda suka yi aikin gwamnati ko reluwe ko soja ko suka yi karatu a waje a shekarun 1970, da yawa faifan na nan a ƙarƙashin gado ko a sito cikin tsohuwar adaka. Ka je da ladabi ka zauna a yi hira, kar ka shiga da maganar kuɗi, wani kyauta zai ba ka don ya ga mai so, wani kuma ba zai rabu da shi ba ko ba ya ji, ka ƙyale shi. Bayan nan sai masu gyaran rediyo na da, da masu kayan gwanjo, da 'yan gwangwan, ka bar musu lambarka ka ce in an kawo su kira ka. In ka je Legas akwai Jazzhole a titin Awolowo a Ikoyi. A intanet kuma Discogs ne babbar kasuwa, ko ba za ka saya ba ka riƙa duba farashi a can kafin ka yi ciniki, sai dai kuɗin aikowa sau da yawa ya fi kuɗin faifan, gara ka tara guda biyar wajen mutum ɗaya ko ka jira mai dawowa daga tafiya. Za ka ga suna rubuta NM da VG+ da VG da G, wato daga kamar sabo zuwa wanda ya jigata. Kar ka sauka ƙasa da VG+, kuma G ɗin nan, wato Good (mai kyau), kar sunan ya ruɗe ka, ba kyau gare shi ba.

Mataki na 6: duba faifai kafin ka biya

Ka zaro shi ka riƙe da gefe da tsakiya, ban da taɓa layin. Abu na farko ka karanta takardar tsakiya ka tabbatar ita ce ta kwalin, na taɓa dawowa gida da kwalin Marley na buɗe na tarar da waƙoƙin coci. Ka haska tocila a karkace. Zanen da ido ke gani amma farce bai ji ba yawanci ba komai, wanda farcenka ya maƙale a ciki kuwa za ka ji shi ƙas ƙas a kowane zagaye. In layin ya yi toka-toka ba ya sheƙi, allura mai nauyi ta riga ta cinye shi kuma wanki ba ya dawo da wannan. Ka ɗaga shi daidai idonka ka ga ko ya lanƙwashe. Ka shinshina kwalin, in warin ruma ya yi yawa ka raba shi da sauran. Kuma rubutun "giram 180" da ake liƙawa a sabbi nauyi ne kawai, ba shi ke sa sauti ya yi kyau ba.

Mataki na 7: wanki

Duk tsohon faifai sai an wanke kafin allura ta hau. Tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka buɗe kunne: ka ce tataccen ruwa zalla, ba mai asid ba, don a shago ɗaya ake sayar da su kuma jarkokin kama suke. In babu, ruwan roba ya fi na rijiya ko na burtsatse, waɗannan suna barin gishiri a cikin layi. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin kofi guda ya isa. Ka jiƙa ƙyallen ka bi layin a zagaye, ba a gicciye ba, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka ɗauraye da ruwan zalla, ka jingine shi a tsaye a inuwa cikin ɗaki ya bushe sarai. Ban da omo, ban da fetur ko kananzir, mai 78 kuma ko sifirit kar ya taɓa shi, narkar da shi yake. Bayan wannan wankin na farko buroshi kawai za ka riƙa bi da shi kafin kowane ji, allurar ma ka share ta daga baya zuwa gaba.

Mataki na 8: ajiya

Zafi da ƙura da gara, su ne abokan gabarka. A tsaye ake ajiye faifai kamar littattafai, ba a jibge ba, ba kuma a jingine a karkace ba. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da ruwan damina, ka nisanta shi da bangon da rana ke duka da yamma da kuma ɗakin kwano marar silin. Lokacin hunturu iska ta bushe, faifai na jan ƙura kamar maganaɗisu, kana cirewa ka mayar cikin rigarsa, murfin injin ma ka rufe ka yafa masa zane. Mota kuwa ko minti talatin kar ka yarda. Na bar wani faifai a kujerar baya a watan Afrilu na shiga gaisuwa, kafin in fito ya koma kamar murfin kwano. In lanƙwasar kaɗan ce kana iya saka shi tsakanin gilashi biyu ka ɗora littattafai masu nauyi ka manta da shi wata guda ko biyu, wani lokaci ya miƙe wani lokaci a'a, amma kar ka kai shi rana wai don ya yi saurin miƙewa, layin ne zai narke.

Ƙanen nawa dai ranar ya tafi da Don Williams guda biyu da ɗaya daga cikin Thriller biyun da nake da su, na haɗa masa da tsohuwar amfilifayata aro. Zombie ɗin da ya yi ta roƙo na ce sai na zo na ga inda ya ajiye akwatinsa tukuna.